Majistare ya ce ba shi da hurumi: a ina zan nemo belin mijina?

Assalamu alaikum Hajiya Barista. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙasar Argungu, 'ya'yana huɗu. Da ranin da ya wuce rikici ya tashi a fadama tsakanin mutanen unguwarmu da maƙwabtanmu a kan iyakar gonar shinkafa da hanyar ruwa. Aka sari wani magidanci, ya cika a hanyar asibiti, Allah Ya jiƙansa. Washegari 'yan sanda suka kama mutum biyar, har da maigidana. Ya rantse mini cewa raba faɗa ya je, kuma da shi aka ɗora mamacin a mota, shi ya sa aka ga jini a rigarsa. Sun yi sati uku a hannun 'yan sanda kafin a kai su kotun majistare. Alƙali ya ce ba shi da hurumi, ya tura su gidan yari. Yau wata bakwai ke nan. Duk zaman da muka je sai a ce ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a, a ɗage. Maigidana yana da ciwon suga, ya rame ƙwarai. Yanzu wani mutum da muke haɗuwa da shi a bakin kotu ya ce in mun kawo naira dubu 400 zai sa alƙalin ya ba da beli a zama na gaba. Yayan mijina ya ce a sayar da gonar fadamar a ba shi kuɗin. Ni hankalina bai kwanta ba, da na faɗi haka sai uwar mijina ta ce na fi son gona da ɗanta. Wasu kuma sun ce mu kai wa dangin mamacin diyya a kashe maganar. Don Allah, in alƙali ba shi da hurumi, me ya sa yake tsare da shi? Wa ke da ikon ba da belin? Kuma ni mace, zan iya tsaya masa?

Wata baiwar Allah daga Jihar Kebbi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya ba iyalansa haƙuri, ke kuma Allah Ya yaye miki wannan damuwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da nake so ki fara ji daga bakina shi ne, rashin kwanciyar hankalin nan da kika samu kan dubu 400 ɗin nan daidai ne. Kada ku sayar da gonar, kada ku ba mutumin nan ko kwabo. Ƙofar da ya ce zai buɗe muku, shi kansa mai ɗakin ba shi da makullinta, kuma ya faɗa muku da bakinsa tun ranar farko.

Ga yadda abin yake. Idan 'yan sanda suka kama mutum a Arewa, da wata takarda suke kai shi kotu, takardar rahoton farko, wadda 'yan kotu ke kira FIR. A cikinta ake rubuta laifin da ake zarginsa da shi. Idan abin da aka rubuta wa mijinki shi ne kisan kai mai hukuncin kisa, wanda a tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa yake sashe na 221, to kotun majistare ba ta isa ta saurari shari'ar ba, ba ta kuma isa ta ba da belinsa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta shekarar 2015 ta faɗi wannan ƙarara a sashe na 161: wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin babbar kotu kaɗai ke iya ba da belinsa, shi ma sai a yanayi na musamman. Jihar Kebbi tana da tata dokar da aka gina a kan wannan, ita ce za a yi aiki da ita a shari'ar mijinki, lambobin sassan sukan bambanta amma ƙashin bayan maganar ɗaya ne. Abin da doka ta ba majistare a irin wannan hali shi ne ikon ajiye mutum na ɗan lokaci, kafin a gama bincike a kai shi inda ya dace. Wannan ita ce amsar tambayarki ta farko. Alƙalin bai yi muku ƙarya ba, kuma ba ƙiyayya ce ta sa ya ƙi ba. Da zai ɗauki alƙalami ya sa hannu a belin, aikinsa ya sa a hatsari, kuma belin ba zai tsaya ba.

To shi mutumin bakin kotu me zai sayar muku? Na san irinsa, duk wanda ya daɗe yana shiga kotu ya san su. Za ki same shi a inuwar dogon yaro da fayil a hammata, yana gaisawa da kowa da suna, har ya ɗaga wa ɗan sandan ƙofa hannu don ku gani. Idanunsa suna kan matan da suka zo da kula da ledar magani suna jiran motar gidan yari ta iso. In ya karɓi kuɗinku, a zama na gaba za a sake ɗagewa kamar kullum, sai ya ce alƙalin ya ce a ƙaro, ko magatakarda bai samu nasa ba. Ba rasit, ba shaida, kuma ba inda za ku kai ƙara, domin abin da kuka biya kuɗi a yi muku shi kansa laifi ne. Ƙarshenta gona ta tafi, mijinki yana ciki.

Amma kada wannan ya sa ki ga baƙin yayan mijinki ko surukarki. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tsohuwar nan wata bakwai ba ta ga ɗanta ya shigo gaishe ta da safe ba, maganar da ta yaɓa miki zafin wannan ne ya fito da ita. Na san ta yi miki ciwo, ke da kike zaryar gidan yari da tuwo. Ki bar ta ta wuce. Shi kuma yayan nasa so yake ya ga ya yi wani abu da hannunsa, zama kurum yana cin ransa. Don haka in za ki je musu, kada ki je da "a'a" kaɗai. Ki je da hanya. Ki ce, "Yaya, kuɗin da za mu ba wannan mutum, mu kai wa lauya wani abu daga ciki ya shigar mana da takarda a babbar kotu." In kina ganin maganarki ba za ta yi nauyi a zaure ba, ki sa kawunku ko limamin unguwa ya karanta musu wannan amsa. In kuwa dole sai an taɓa gonar, a ba da hayarta na rani ɗaya, a rubuta a gaban mai gari da shaidu. Da ita 'ya'yanki huɗu za su ci, kuma ranar da aka ba da beli, mai fili da gona shi kotu ta fi yarda ya tsaya.

Yanzu bari in gaya miki gaskiyar da wasu lauyoyi ba sa son faɗa da wuri: belin wanda ake zargi da kisa abu ne mai wuya. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a sashe na 36 duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, wannan kariya tana kan mijinki har yau. Sashe na 35 kuma ya ce wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. Za ki ji mutane suna kawo miki wannan suna cewa ai wata biyu ya wuce. Sai dai a ƙarshen wannan sashe an cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan wa'adi. A laifukan da ba su kai nan ba, asali shi ne a ba da beli, mai gabatar da ƙara ne zai kawo dalilin hanawa: ko mutum zai gudu, ko zai taɓa shaidu, ko zai sake aikata wani laifin. A kisan kai kuwa nauyin yana kanku, ku ne za ku nuna wa alƙali dalilin da zai sa a bar shi ya koma gida.

Dalilan da dokar tarayya ta ambata uku ne. Rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, tare da nuna cewa inda ake tsare da mutum ba a iya kula da ciwon. Sai jinkirin da ya wuce hankali wajen bincike da gurfanarwa, wanda ya haura shekara guda. Sai kuma duk wani yanayi da alƙali ya ga ya isa a kira shi na musamman. Mijinki wata bakwai yake, bai kai shekara ba, amma ƙofa ta uku a buɗe take, kuma nan ne lauya mai himma yake aiki. A shekarar 2008 Kotun Ƙoli ta ba da belin waɗanda ake zargi da kisa a shari'ar Suleman da Kwamishinan 'Yan Sandan Filato, domin an ajiye su da takardar rahoton farko kawai, ba a shigar da tuhuma da hujjojinta a babbar kotu ba. Halin mijinki ya yi kama da wannan, kuma duk lauyan da kika ɗauka ya kamata ya san wannan hukunci.

Maganar ciwon suga kuwa, ki riƙe ta da kyau amma ki riƙe ta da gaskiya. Faɗin "ba shi da lafiya" a baki ba ya motsa alƙalin babbar kotu, Kotun Ƙoli ta nuna haka tun 2002 a shari'ar belin Mohammed Abacha. Ki binciko tsohon katinsa na asibiti, da takardun gwaji, da ko kwalayen maganin da yake sha kafin a kama shi, don a ga ciwon ba yau ya fara ba. Lauya zai rubuta wa shugaban gidan yarin ya nemi a kai shi asibitin gwamnati a auna shi a ba da rahoto. In wani ya ce zai samo muku takardar likita da kuɗi, ku guje shi kamar yadda za ku guji na bakin kotu. Takardar jabu in ta tonu, ta kashe belin, ta kuma sa alƙali ya daina yarda da duk abin da ɓangarenku ya kawo.

Akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki fiye da belin, shi ne kalmar nan "ana jiran shawara". Ma'anarta, 'yan sanda za su tura kwafin fayil ɗin bincike zuwa ma'aikatar shari'a ta jiha, lauyoyin ofishin daraktan gabatar da ƙara su karanta, su ce wane ne cikin mutum biyar ɗin nan akwai hujjar da za a tuhume shi, da wane laifi, wane ne kuma za a sallama. Dokar tarayya ta sa wa irin wannan aiki wa'adin kwana 14 daga ranar da fayil ya iso. Ajiyar majistare ma dokar ta yi mata iyaka: kwana 14, a ƙara 14 in akwai dalili, daga nan kotu ta kira hukuma ta zo ta yi bayanin abin da ya sa ba za a saki mutum ba, duka-duka bai cika wata biyu ba. Dokokin jihohi sukan ɗan bambanta a yawan kwanakin, amma babu wadda ta ce a yi ta ɗagewa har illa ma sha Allahu. Abin takaici, a aikace haka ake yi, shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin galibinsu talakawa ne da ba su da mai bin sawun takardarsu.

Na taɓa karɓar shari'ar wani saurayi da ya yi wata goma sha ɗaya ana cewa ana jiran shawara. Da na je ma'aikatar, magatakarda ya buɗe babban littafin shigar fayil, muka bi layi-layi da yatsa tun daga watan da aka kama shi, babu sunansa. Na koma wurin ɗan sandan da ya yi binciken, ashe an yi masa canjin wurin aiki. Fayil ɗin muka samu a ƙasan wata durowa, an ɗaure shi da zare, ƙura ta rufe bangonsa, ko kwafinsa ba a yi ba. Wata goma sha ɗaya kotu tana jiran amsar wasiƙar da ba a aika ba. Mahaifinsa ya riga ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya raba wa masu alkawari. Sati shida bayan fayil ya isa inda ya kamata, shawara ta fito cewa babu hujja a kansa. Ban ce na mijinki haka yake ba, amma tambayar farko da zan so a amsa ita ce: fayil ɗin yana ina yau, kuma ran nawa ga wata ya bar hannun 'yan sanda?

Wannan shawara tana iya sauya komai. Rikici ne na taron jama'a, sara kuma hannu ɗaya ya yi shi. In lauyoyin gwamnati suka ga babu shaidar da ta ɗora wa mijinki makami ko haɗin baki, za su iya cewa a sallame shi. Suna iya sauko da tuhumar zuwa tayar da tarzoma ko jikkata mutum, ko kisan da hukuncinsa bai kai kisa ba, kuma da zarar hukuncin kisa ya fita daga maganar, neman beli ya yi sauƙi nesa ba kusa ba. Suna kuma iya cewa a tuhume shi da kisan, su shigar da ƙara a babbar kotu. Ko hakan ta faru, ya fi wannan zaman na babu gaba babu baya, domin a lokacin ne za a ba lauyanku jerin shaidu da abin da kowannensu zai faɗa, ku san abin da kuke fuskanta.

Ga abin da zan so ki yi a satin nan. Ki je kotun majistaren da kanki tare da yayan mijinki, zuwa da kai ya fi aike. Ku nemi ofishin rajistara, ku karɓi lambar shari'ar, ku nemi kwafin takardar rahoton farko da na umarnin ajiya da na abin da aka rubuta a kowane zama, waɗanda kotu ta buga wa hatimi. Akwai ɗan kuɗin da ake biya, ku karɓi rasit. Da waɗannan takardu za ku je wurin lauya. In babu halin ɗaukar lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya da aka kafa tun 1976 domin kare marasa ƙarfi kyauta, a allon ofishinsu za ki ga an rubuta Legal Aid Council, suna da ofishi a Birnin Kebbi, kuma shari'ar kisa tana cikin aikinsu. Ƙungiyar lauyoyi reshen Birnin Kebbi ma tana da masu karɓar irin wannan aiki don Allah, haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke kan tsarewar da ta wuce ƙa'ida. In kuma lauya mai zaman kansa za ku ɗauka, ku je ofishinsa ku ga inda yake zama, ku yi ciniki a rubuce, a fayyace ko kuɗin na neman beli ne kaɗai ko har da shari'ar. Lauyan da ya ce miki "na ba ki tabbacin beli", ki tashi ki bar wurinsa, domin ba shi ne zai sa hannu ba.

Abin da lauyan zai yi shi ne ya shigar da takardar roƙon beli a babbar kotun jiha, haɗe da takardar rantsuwa da ke ɗauke da bayanin mijinki: inda yake zaune, sana'arsa, iyalinsa, ciwonsa, ranar da aka kama shi, da cewa ba a taɓa kama shi da laifi ba, in haka ne. Kina iya zama ke ce za ki yi wannan rantsuwa, don haka kada ki sa hannu a kan abin da ba a karanta miki da Hausa kin gane ba, kada kuma ki rantse a kan abin da ba ki gani ba. Ba kya fadama ranar, abin da mijinki ya gaya miki kika sani, haka za a rubuta. Za a kai wa ma'aikatar shari'a kwafi, su ma su kawo tasu rantsuwar in suna adawa, a sa rana, lauyoyi su yi bayani, alƙali ya yanke. A wannan zama ba a binciken ko ya yi ko bai yi ba, ana duba nauyin zargin ne da ƙarfin hujjar da ke ƙasa, da ko zai dawo kotu in an sake shi. Ki roƙi lauyan ya haɗa da buƙata ta biyu, cewa in ba za a ba da beli ba, kotu ta ba gwamnati wa'adin shigar da tuhuma, ta kuma gaggauta sauraro. Sau da yawa isar wannan takarda ma'aikatar ita ke sa a nemo fayil ɗin da ya kwanta. Akwai kuma hanyar neman haƙƙin ɗan adam a babbar kotu a ƙarƙashin ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na shekarar 2009, lauya zai auna wadda ta fi dacewa. In an ƙi, ba a rufe ƙofa ba: ana sake nema idan hali ya canza, kamar ciwo ya tsananta ko shekara ta cika, ana kuma ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato, wadda Kebbi ke ƙarƙashinta. Sannan ki sa a rubuta sunansa cikin waɗanda za a gabatar wa Babban Jojin jiha idan ya kai ziyarar duba fursunoni.

Direban da ya ɗauki mamacin, da duk wanda ya ga mijinki yana raba faɗa, ki rubuta sunayensu ki ba lauya, shi zai san yadda zai gana da su. Ku kanku kada ku je gidan kowa daga shaidun ɗaya ɓangaren, ko da da kyakkyawar niyya ne. Gaisuwa da ɗan goro ma ana iya kai ta kotu a ce kun je sayen shaida, kuma wannan kaɗai ya isa a hana beli.

Tambayarki ta ƙarshe: eh, mace tana tsayawa. Dokar tarayya ta 2015 ɗin nan ta faɗa a fili a sashe na 167 cewa ba za a hana mutum tsaya wa wani ba don kawai mace ce. Abin da zai iya hana ki shi ne sharuɗɗan da alƙali ya gindaya, domin a babban laifi yakan nemi mai gida ko fili da takarda a cikin jihar, ko ma'aikacin gwamnati mai wani mataki, ko wasiƙar hakimi. Ku fara tunanin mutum biyu tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in kika ji an ce beli a kan naira miliyan kaza, kada gabanki ya faɗi. Yawanci alkawari ne ake sa wa hannu, cewa in ya gudu mai tsayawar zai biya, sai in alƙali ya ce a ajiye kuɗin a asusun kotu, wanda ake mayarwa in an gama. In sharuɗɗan sun fi ƙarfinku, ana komawa a roƙi sassauci. Wanda zai tsaya ya san nauyin da ya ɗauka, mijinki kuma ya san cewa fashin zama ɗaya ba dalili zai iya mayar da shi ciki.

Saura maganar diyya, kuma ina so ki saurare ni da zuciyar da kika yi wa mamacin addu'a a wasiƙarki. A can ma akwai mace irinki, nata mijin ba zai dawo ba ko da beli. Suna da haƙƙin a gano wanda ya kashe musu mutum, kuma in mijinki ba shi ba ne, fitowar gaskiya ta amfane ku duka. Sulhu abu ne mai kyau, addini ya kwaɗaitar da shi, garuruwan nan biyu kuma ruwa ɗaya za su ci gaba da sha a fadama ɗaya. Amma ki sani, shari'ar da 'yan sanda suka shigar tsakanin gwamnati ce da waɗanda ake zargi. Yafewar dangi tana da nauyi, ana rubuta ta a kai wa Antoni Janar na jiha, wato babban lauyan gwamnatin jiha, wanda sashe na 211 na tsarin mulki ya ba ikon janye ƙara, amma ita kaɗai ba ta buɗe ƙofar gidan yari. Kuma in gidanku ya yi gaba ya kai diyya shi kaɗai, ana iya fassara shi da cewa kun amsa laifin. In za a yi sulhu, a yi shi gari da gari, ta hannun hakimi da malamai, da sanin lauya. In ba ku yi musu ta'aziyya ba har yanzu, dattawan unguwarku su je a taru, ba tare da an ta da maganar shari'a ba.

Ke kuma ƙanwata, ki kula da kanki. Ki bar wa wata 'yar'uwarki yaran ranar ziyara, ki daina zuwa kowane zama in kuɗin mota yana cinye na cefane, ku riƙa karɓa-karɓa da dangin mijinki. In kin je wurinsa ki kai maganin sugan a cikin kwalinsa ta hannun ma'aikatan lafiyar gidan, ki gaya masa kada ya tattauna abin da ya faru a fadama da kowa a ciki sai lauyansa. Kada ki yi masa alkawarin rana. Ki gaya masa abin da aka yi a satin, takarda kaza an karɓo, lauya ya je wuri kaza, wannan ya fi riƙe zuciyar wanda ke tsare.

Idan kin karɓo kwafin takardar rahoton farko, ki sa a karanta miki layin da aka rubuta laifin da lambar sashen, ki rubuto mini su tare da ranar da aka ce fayil ya tafi ma'aikatar shari'a. Ina jiran wasiƙarki. Allah Ya bayyana gaskiya, Ya ba shi lafiya.